Talatin da Biyar Bisa Talatin da Biyar

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi, kuma ban taɓa ba ɗan kowa cikakken maki ba. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba min Jan Biro, sunan ya bi ni har ritaya. Na faɗi wannan ne don a san cewa wanda ya tafka abin da zan ba da labari ba jahili ba ne. Da jahili ne, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Bara ne fitsari ya fara yi min gardama. Likita ta ce wani ɗan nama ne a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, furostet suke ce masa, idan shekaru suka ja sai ya kumbura ya matse hanya. Aka yi min aiki aka kankare shi. Aikin bai dame ni ba, barci na yi na farka. Abin da ya dame ni robar fitsarin da aka sa min, da jakarta ɗaure a ƙaurina har sati uku cur. Ni da nake shiga aji yara su yi tsit, na koma ina tafiya abu yana ɓulɓul a ƙafar wandona. Ranar da aka cire ta na rantse a zuciyata, ni da roba har abada.

Wata biyu ina lafiya lau. A na uku abin ya fara dawowa. In tsaya a banɗaki in yi ta jira, in yi yunƙuri, sai a sallame ni da ɗigo uku. In fito, kafin in zauna an sake kira. Ban gaya wa kowa ba, don na san inda maganar za ta ƙare.

Ranar komawa asibiti mu goma sha ɗaya ne a kan benci, duk an yi mana aiki a wata ɗaya. Uku na fi sabawa da su. Akwai Direba, wanda ya tsufa a kan babbar mota kuma har yanzu yana magana kamar inji na kunne. Akwai Mai Aski, wanda kunnensa ya yi nauyi amma bai yarda ba. Sai Tela, siririn mutum mai shiru-shiru. Sista ta fito da takardu ta raba mana.

"Iyayena, wannan takarda ta auna jin daɗin rayuwarku ce bayan aiki. Ku je gida ku cika a natse, ku dawo da ita ranar Litinin. Wanda sakamakonsa bai yi kyau ba, likita za ta sake duba shi. Yanzu ku saurara in yi muku bayanin lambobin."

Daidai nan mafitsarata ta yi kira. Na miƙe kamar zan amsa waya, na shige banɗaki na yi minti goma. Ko da na fito Sista ta gama ta tafi. Abu ɗaya ya tsaya min a kunne, wato za a sake dubawa. A wurina fassararsa ɗaya ce, roba.

Na ɗaga takardar na duba. Injin fotokofin asibitin ya cinye layin sama gaba ɗaya, sai baƙin zane. A ƙasa tambayoyi bakwai a gajarce: ƙarewar fitsari, tazarar zuwa, rashin yankewa, riƙewa, ƙarfin fita, sauƙin farawa, barcin dare. Gaban kowace an jera sifili zuwa biyar. Can ƙasa an rubuta jimla, talatin da biyar. Sai tambaya ta takwas ita kaɗai, daga sifili zuwa shida: idan a haka za ka ƙare sauran rayuwarka, yaya za ka ji?

Na yi murmushi. Jarrabawa ce. Kuma jimlarta daidai da shekarun aikina, abin da na ɗauka alama ce daga sama.

"Me Sista ta ce game da lambobin?" na tambayi Direba.

"Oho. Ana ta buga guduma a ɗakin can. Na dai ji sifili, na ji biyar."

Na juya na dubi tsofaffin nan, kowa ya riƙe takarda kamar an ba shi sammaci. Tausayinsu ya kama ni, irin tausayin da ke kama mutum idan ya ga damar nuna kansa.

"Jama'a, kada wanda ya taɓa takardarsa," na ce. "Ranar Asabar ƙarfe goma kowa ya zo gidana. Ban taɓa shirya aji ya faɗi ba, ba kuma zan fara a kanku ba. Duk wanda ya bi ni, shi da roba sai dai ya gani a jikin wani."

Da Asabar ta zo na share gareji, wanda tun mutuwar motata ya zama ɗakin tarkace. Na jingina tsohon allona, na jera kujeru da bokitai a kife. Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Malam, me za a yi da allo?"

"Darasi."

"Na me?"

"Na fitsari."

"To, an sami gwani. Duk unguwar nan ba wanda ya kai ka sanin hanyar banɗaki."

"Motsa jiki nake yi."

"Sau shida kafin gari ya waye?"

"Ke dai kawo ruwan shayi."

Dukansu suka zo. Na rubuta a saman allo da manyan baƙaƙe, BURINMU 35/35, na ja layi biyu. Na kira suna, na hana magana, har na sa wani tsohon ɗan sanda ya tofar da cingam. Rabon da in ji daɗi irin na wannan safiya tun ranar da na bar aji.

"Ƙa'ida ta farko," na ce, "ɗalibi mai wayo ba tambaya yake fara dubawa ba, maki yake dubawa. Mafi girma a nan biyar ne. Saboda haka kowa ya zagaye biyar, daga sama har ƙasa. Ta takwas kuwa gyara ce aka ba ku, ku zagaye shida."

Tela ya ɗaga hannu a hankali.

"Malam, ni fa kamar na ji Sista ta ce sifili shi ne lafiya lau."

Na ajiye alli. "Tela, shekara nawa ka yi a makaranta?"

"Shida."

"A cikin shidan nan, ranar da ka kai sifili gida, rungume ka aka yi?"

"Duka na sha."

"To zauna."

Aka kwashe da dariya. Ya zauna, amma bai haƙura ba.

"Ai a awon sukari, wanda nasa ya hau shi ne ba shi da lafiya."

"Wancan awo ne, wannan maki ne. Ka ga an rubuta jimla a ƙasa? Duk inda ka ga jimla, gidana ka shigo. Ni na taɓa zuwa shagonka na koya maka sa maɓalli?"

"Ba ka taɓa ba."

"To ka bar min nawa."

Direba ya buga cinya. "Wallahi Malam ya yi gaskiya. Ni da nake fitsari yanzu kamar an buɗe famfo, a ce in rubuta sifili? Sai ka ce ban biya kuɗin makaranta ba!"

Muka shiga atisaye, don na ce musu likita tana iya yin tambaya da baki. Ni in faɗa, su su amsa.

"Riƙewa?"

"Biyar!"

"Ƙarfin fita?"

"Biyar!"

"Wa zai fita?" in ji Mai Aski, yana kama kujerarsa.

"Ba kowa. Kai dai duk abin da aka tambaye ka, ka ce biyar."

"Biyar," ya ce, ya gyara zama.

Matsala ɗaya aka samu a darasin, ita ce malamin. Duk bayan minti goma sha biyar sai in ce bari in ɗauko alli, in shige cikin gida. Ɗalibaina kuwa sun shanye tulun shayi guda ba wanda ya motsa. A fita ta biyar Direba ya bi ni da ido.

"Malam, wai allin nan a banɗaki kuke ajiye shi?"

"Ya fi son sanyi," na ce, na sha mur.

Ina wucewa na ji maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar maiɗakina ko sabuwar jam'iyya muka kafa, don tun safe take jin ana ihun biyar.

"Wace jam'iyya? Tsofaffi ne ke haddar fitsari."

"Hadda kuma? Da can da ka suke yi?"

Na yi kamar ban ji ba. Mai babban aiki ba ya tsayawa sauraron katanga.

Aka cika takardu, na bi ɗaya bayan ɗaya na duba. Goma sun yi kyau kamar an buga da inji. Ta Tela ce kawai ta ɓata min rai. Sifili, sifili, ɗaya, sifili, ɗaya, sifili, ɗaya.

"Uku," na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. "Uku bisa talatin da biyar. Tela, ko sunanka kawai ka rubuta ai ka fi haka."

"Abin da na ji shi na rubuta, Malam."

"To ka shirya ƙaurinka."

Ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu.

Ranar Litinin muka kai. Sista ta karɓi ta farko ta duba, ta ɗago ta kalli mai ita. Ta karɓi ta biyu, ta uku. Kafin ta kai ta goma ta nemi kujera ta zauna. Na san wannan kallon, shi nake yi idan aji ya ba ni mamaki. Na kaɗa mata kai na fita, don ba na son yabo a tsaye.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Baba Malam, Sista ce. Gobe ƙarfe takwas ku zo, ku goman. Likita da shugaban sashe suna son ganinku. Ku zo da iyali."

"Likita ta ga sakamako?"

"Ta gani, Baba. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin irinsa ba."

"Ba kuma za ta ƙara gani ba."

"Kuma za a yi awon gudun fitsari. Ka sha ruwa kofi biyu kafin ka taso, kada ka zubar sai ka zo."

Na ajiye waya na kira maiɗakina. Na ce ta fito da kwat ɗina ta ranar ritaya ta goge, gobe akwai bikin karramawa. Ta ce asibiti ba ya karrama mutum da sassafe. Na ce ai ba ta taɓa cin jarrabawar asibiti ba. Na zauna na rubuta jawabi shafi uku, na kira Tela don kada ya ji a bakin wani.

"An kira ka?"

"Ba a kira ni ba."

"Ka gani? Waɗanda suka ci ake kira."

"Allah ya sanya alheri. Zan zo in taya ku murna."

Da safe na jera kofuna a kan tebur. Sista ta ce biyu. Amma ɗalibin da aka ce ya amsa tambaya biyu ya amsa takwas, shi ake tunawa da shi. Na shanye takwas.

"Malam," in ji maiɗakina, "kai da kofi ɗaya ke kai ka banɗaki sau uku?"

"Yau ranar nuna bajinta ce."

"Allah ya sa bajintar ta san hanyar fita."

Mai tasin da ya ɗauke mu bai bar rami ko ɗaya a hanya bai gaisa da shi ba. Kafin mu isa na fara jin marata kamar an hura ƙwallo, wandon kwat ɗin kuma dama ya matse tun da na ƙara ƙiba. Na yi ta maza na shiga da fara'a.

Ɗakin jira ya cika. Matan ɗalibaina sun zo idanunsu jajur. Matar Direba ta zo da bargo da matashi da fulas, tana ta sharar hawaye. Na ce a raina, ka ga mata, ko abin farin ciki sai sun yi kuka. A gefe ga wani teburi mai taya an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ana ganin tudun abubuwa a ƙasa. Na ƙirga tudun da ido, goma cif. Na taɓa Direba.

"Kyaututtuka."

"Allah ya sa agogo ne," in ji shi.

Likita ta shigo, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, fuskarta duk ta faɗa. Bayanta shugaban sashe, dattijo mai tabarau a kan karan hanci. Ta tsaya ta haɗa hannuwa.

"Iyayena, ni na yi muku aikin nan da hannuna. Kwana biyu ke nan ban iya cin abinci ba. Ban san ta inda zan fara ba."

Na miƙe na zaro jawabina. "Likita, ba sai kin yi godiya ba. Shugaban sashe, Sista, iyaye mata, ɗalibaina. Masu iya magana kan tambaya, shin nasara sa'a ce ko shiri? Ni a nawa ƙaramin sani..."

"Baba, don Allah ka zauna, kada ka wahalar da kanka. A halin da kake ciki ko tsayuwa ƙoƙari ce."

Na zauna, don gaskiya tsayuwar ta fara zama ƙoƙari. Ta juya wurin Direba.

"Baba, sau nawa kake tashi fitsari da dare?"

"Biyar!"

Matarsa ta saki bargo. "Biyar? Kai? Mutumin da in ya kwanta sai na girgiza shi da safe kamar buhu?"

"Ke yi shiru, ba ki zo darasi ba."

Likita ta ɗan yamutsa fuska, ta matsa wurin Mai Aski. "Baba, ina ne yake maka ciwo?"

"Biyar!"

"A'a, na ce ina ne?"

"Biyar!"

"Shekarunka nawa?"

Ya waiwayo ya dube ni, na kawar da kai. "Biyar," ya ce, amma a hankali.

Shugaban sashe ya sauke tabarau. "Wane darasi ake magana?"

Yatsu tara suka nuno ni. Ko a lokacin ban gane ba, wallahi. Na ɗan rusuna na ce, "Ƙaramin ƙoƙari ne, ranka ya daɗe. Kwana ɗaya kawai na samu da su."

Ya ce Sista ta kawo takardar asali, wadda ba ta bi ta inji ba. Ya miƙo min. "Malam, tunda kai ne malami, karanta mana layin sama. Da ƙarfi."

Na gyara murya. "A watan da ya wuce, sau nawa ka sami matsala da waɗannan. Sifili, babu ko sau ɗaya. Ɗaya, jefi-jefi." Muryata ta fara sauka da kanta. "Biyar, kusan kullum."

"Tambaya ta takwas fa? Me shida take nufi?"

"Abin ya ishe ni, ba zan iya jurewa ba."

Ɗakin ya yi tsit irin wanda na yi shekaru ina nema a aji ban samu ba. Likita ta dafe ƙirji ta sulale kan kujera, ban san ko kuka take ko dariya ba.

"Wato lafiyarku ƙalau?" ta ce. "Na ɗauka na lalata mutum goma a wata ɗaya!"

"To kyaututtukan fa?" in ji Direba.

Sista ta yaye ƙyallen. Robobin fitsari ne guda goma, kowace da jakarta, an jera su a tsare.

Abin da ya biyo baya ba zan iya kawo shi a jere ba, don kowa magana yake. Tsohon ɗan sanda ya ce a riƙe shi kada ya koma bakin aiki. Matar wani ta ce tun jiya ta kira 'ya'yanta daga garuruwa uku su zo su ga ubansu. Matar Direba ta naɗe bargo tana auna ni da shi. Direba kuwa ya taso har gabana.

"Jan Biro! Da bakina na ce maka kamar famfo nake yi! Da yanzu an zura min wannan abin saboda lissafinka?"

"Kuskuren injin fotokofi ne."

"Injin ne ya ce Tela ya zauna?"

Na waiga. Tela na can ƙarshen benci, hannuwansa a kan gwiwa. Da ya yi dariya da na ji sauƙi, amma bai yi ba.

Shugaban sashe ya daki tebur. "Ya isa. Takardu sun lalace, amma muna da abin da bai je darasi ba. Sista, kunna injin awo."

Injin yana bayan wani labule a kusurwar ɗakin. Mazurari ne babba a kan bokiti, mutum ya yi fitsari a ciki, sai wata 'yar na'ura ta fito da takarda mai zanen tudu. In tudun ya yi tsawo, hanya a buɗe take. Labulen kuwa yadi ne kawai, ba ya ɓoye sauti.

Direba ya fara shiga. Muka ji kamar ana cika tanki. Ya fito yana ɗaga takardarsa sama, matarsa ta ce a ba ta ta kai gida. Mai Aski ya shiga, ya fito da nasa tudun. Haka suka yi ta yi har tara, kowa ya fito sai a tafa masa. Ni kuwa kowane sauti daga bayan labulen nan kamar ana matsa min mara da gwiwa. Gumi ya jiƙa kwat.

"Saura malami," in ji Direba. "A ba shi wuri, yanzu za a ga talatin da biyar."

Na shiga na ja labule. Na tsaya. Kofi takwas suna ciki suna dukan ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Na yi yunƙuri. Na ƙirga daga ɗari zuwa ƙasa. Na karanta bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu, har ƙarshe.

"Ya fara?" in ji Mai Aski, da muryar da yake zaton raɗa ce.

"Bai fara ba."

"Ko ya gama?"

Sista ta buɗe famfon wanke hannu don ta taimaka min. Direba ya kama fito. Wata daga cikin matan ta ce a yi shiru, ai abin yana son natsuwa, sai dukansu suka yi shiru suna saurare, wanda ya fi komai muni. Na'urar ta gaji da jira ta turo takarda da kanta, layi ɗaya a miƙe.

"Injin ya lalace," na ce ta bayan labule.

"Yanzu ya auna mutum tara, Baba."

"To sun gajiyar da shi."

Daga nan ban ƙara samun bakin gardama ba. Wani ciwo ya taso daga mara ya naɗe ni biyu, na kama ƙarfen labule. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kira maiɗakina. Kafin in rufe baki tana gefena ta riƙe ni.

"Sista," na ce, "kawo robar."

"Baba, bari likita ta..."

"Kawo ta! Ko wacce a cikin goman!"

Ni da na rantse, ni na roƙa da bakina, a gaban ajina. Kuma tunda gaskiya nake faɗa yau, bari in ƙarasa ta. Lokacin da aka kwantar da ni a ɗakin ciki aka sa robar nan, kofi takwas suka sami hanya, ban taɓa jin daɗi a duniya kamar na wannan minti biyun ba. Har addu'a na yi wa wanda ya ƙirƙiro ta.

Da na dawo hayyacina likita ta jawo kujera, da sabuwar takarda a hannunta.

"Baba, mu sake daga farko. Sau nawa kake jin fitsari bai ƙare ba?"

"To, wani lokaci..."

"Kullum," in ji maiɗakina.

"Tashin dare?"

"Bai fi..."

"Shida. Ranar da ya sha shayi, bakwai."

"Ai takardar a biyar ta tsaya," na ce.

"To a ƙara mata layi."

Haka aka bi su bakwai, ina buɗe baki tana amsawa. Ashe duk watan nan da nake tafiya da sanɗa ina zaton barci take, idonta biyu. Likita ta haɗa jimla ta juyo min da takardar. Talatin da ɗaya.

"A cikin ku goma, kai kaɗai ne takardarka ta farko ta kusa gaskiya," ta ce. "Saura ta takwas. Mama, wannan shi zai amsa. Baba, idan a haka za ka ƙare sauran rayuwarka, yaya za ka ji?"

Na nemi abin dariya in faɗa, ban samu ba.

"Ba zan iya ba, 'yata. Na gaji. Rabona da barcin kirki wata guda. Ba na zuwa ko'ina sai na fara tambayar inda banɗaki yake. Tsoron robar nan ne ya hana ni faɗa."

Maiɗakina ta juya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Likita ta ce hanyar ce ta yi tabo ta tsuke, yana faruwa, kuma ƙaramin aiki ne buɗe ta. Ta ce da na faɗa tun watan jiya, da wataƙila an gyara ba tare da an kai ga roba ba. Yanzu kuwa sai na yi sati biyu da ita. Wato da ƙafata na yi ta gudu har na iso inda nake gudu.

Sai fita ta gagara. Wandon kwat ya matse, jakar ta ƙi shiga ƙafarsa. Dole na naɗe shi har gwiwa, na fito ɗakin jira da jaka a fili, jawabi shafi uku yana leƙe daga aljihu. Na ɗauka sun watse. Ba wanda ya tafi.

"Nawa ka ci?" in ji Direba.

"Talatin da ɗaya."

"To ai har yanzu kai ne na ɗaya a aji."

Aka yi dariya, ni ma na yi, duk da tana ja min robar. Matarsa ta miƙo bargon nan ta ce in rufe ƙafa. Kafin in karɓa sai ga Tela ya taso daga ƙarshen benci. Ya durƙusa a gabana, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu.

"Ba sai an rufe ba, Malam. Buɗe ƙafar wandon za a yi, in sa zif a gefe, ba mai ganewa. Mutum bakwai a cikin waɗannan ni na yi musu, har da Direba."

"Tela!" in ji Direba.

"In ka isa gida ka aiko min da wandon, zuwa yamma zan kawo maka." Ya ɗago ya dube ni. "Inci nawa kake ganin za a ƙara?"

Lambar ta zo min har bakin leɓe, da dalilanta guda uku. Na haɗiye ta.

"Auna, Tela," na ce. Na miƙa masa ƙafar.